Ƙananan Hukumomi da Gyaran Sha'anin Ruwa a Ƙasar Niyu Zilan, 2016 zuwa 2025

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yunƙurin da gwamnatin Niyu Zilan ta yi na sake tsarin samar da ruwa, ta kuma nuna cewa abin da ya jawo jayayya shi ne mallakar kayan aiki da ɗaukar bashi, ba tsabtar ruwan kanta ba.

Mafarin Al'amari

A ƙasar nan ƙananan hukumomi 67 ne ke riƙe da ayyukan ruwa iri uku, watau ruwan sha, da ƙazamin ruwa, da ruwan sama mai bin magudanu. Da harajin gidaje da kuma rance suke gudanar da su. To, da yake bututu a binne yake, kansiloli kuwa duk shekara uku suke komawa gaban masu zaɓe, sai ya zamana ana ta ɗage gyara don gudun ƙarin haraji.

A watan Agusta na 2016 tura ta kai bango. Bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, kashin tumaki ya gurɓata rijiyar burtsatse a garin Havelock North, inda ake sha ba tare da sa magani ba. Kimanin mutum 5,500 daga cikin mazauna 14,000 suka kamu da ciwon ciki, aka kuma danganta mutuwar mutum 4 da wannan annoba. Binciken da ya biyo baya shi ya kai ga kafa Taumata Arowai, hukumar sa ido kan ingancin ruwan sha, wadda ta kama aiki a 2021.

Shirin Gwamnatin Leba

A 2021 ministar ƙananan hukumomi, Nanaia Mahuta, ta gabatar da shirin tattara ayyukan a hannun manyan hukumomi 4. An ƙiyasta cewa gyaran zai ci dalar ƙasar biliyan 120 zuwa 185 cikin shekara 30. Hujjar gwamnati ita ce, babbar hukuma mai littafin bashinta daban za ta iya cin rancen da ƙaramar hukuma ba ta isa ba, sa'an nan ta rarraba nauyin a kan jama'a masu yawa.

Da farko an bar wa kowace hukuma zaɓin shiga, amma a watan Oktoba na shekarar aka mai da shi tilas. Daga nan aka ja daga. Shugabannin garuruwa da dama suka ce ƙwace ne na dukiyar da jama'arsu suka tara da guminsu. Daɗin daɗawa, shirin ya ba 'yan asalin ƙasar, watau Maori, rabin kujerun majalisun da za su sa ido kan hukumomin, bisa ga Yarjejeniyar Waitangi ta 1840, abin da 'yan hamayya suka ce ya saɓa wa daidaiton ƙuri'a. Dokar ta wuce a Disamba 2022. A Afrilu 2023 aka mai da hukumomin 10 don lallashi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Gwamnatin Christopher Luxon, wadda ta hau bayan zaɓen Oktoba 2023, ta soke dokar a Fabrairu 2024. Ta bar kayan a hannun ƙananan hukumomi, amma ta wajabta wa kowacce ta miƙa tsarin yadda za ta biya kuɗin ayyukanta a Satumba 2025. Har ila yau ta buɗe wa kamfanonin ruwa mallakar hukumomin hanyar cin rance har ninki 5 na kuɗin shigarsu.

Kammalawa

Abin lura shi ne, Taumata Arowai ta tsira daga canjin gwamnati, domin ba ta karɓi dukiyar kowa ba. Sa'an nan gwamnatocin biyu, duk da saɓaninsu, magani ɗaya suka nufa, watau raba bashin ruwa da baitulmalin hukuma. Bambancin shi ne ta farko ta tilasta haɗewa, ta biyu kuwa ta tilasta lissafi. Tsofaffin bututun dai ba su san canjin gwamnati ba, kuma mai gida ne zai biya, ko ta haraji ko ta kuɗin ruwa.