Farfaɗo da fadama da haɗarin zaiba: misalin San Faransisko

Zaiba, wadda ake kira merkur da Faransanci, ƙarfe ne mai guba da kan kwanta cikin laka shekaru da dama. Haɗarinta yana ƙaruwa ne idan ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa a taɓon da ba iska suka juya ta zuwa metilmerkur, nau'in da ke shiga naman halittu ya zauna. Fadama na cike da irin wannan taɓo, musamman inda ƙasa ke bushewa ta sake jiƙa. Shi ya sa mayar da ruwa a tsohuwar fadama kan iya tayar da gubar da ta daɗe a kwance.

Gubar tana bin abinci ne. Ƙananan ƙwari su ɗauka, kifi ya ci ƙwari, tsuntsu ya ci kifi, kuma a kowane mataki yawanta na ƙaruwa. A jikin tsuntsaye tana shiga ƙwai, ta rage ƙyanƙyasa, ta raunana ƴan tsaki. A jikin mutum tana lahanta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman na ɗan tayi.

Sanannen misali shi ne kudancin gaɓar San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka. A 2003 hukumomi suka sayi kusan hekta 6,000 na tafkunan gishiri daga kamfanin Cargill domin mayar da su fadama. Sai dai kogin Guadalupe ya daɗe yana kwaso zaiba zuwa wurin daga mahaƙar New Almaden, wadda ta yi aiki tun daga shekarun 1840 har zuwa shekarun 1970. A 2011 aka fara buɗe tafkin A8 ga ruwan teku. Masu bincike sun ga zaiba ta ƙaru a ƙwan wasu tsuntsaye masu cin kifi a lokacin aikin, daga baya kuma ta sauka.

Ba a dakatar da aikin ba. An riƙa buɗe ƙofofin ruwa kaɗan-kaɗan, ana auna kifi da ƙwai kafin a ƙara. Wannan tsari na da amfani a duk inda laka ta gurɓata, har da wuraren haƙar zinariya ta gargajiya kamar Komabangu a jihar Tilaberi, inda ake amfani da zaiba wajen tace zinariya: a auna laka tukuna, sannan a saki ruwa.