Tsofaffin Gidajen Fagge da Sabon Gari Ma Kayan Tarihi Ne

A Afirka ta Kudu akwai wani ɗan gari mai suna Pilgrim's Rest, wanda zinaren da aka gano a 1873 ya kafa shi. Da haƙar ta mutu ba a rushe shi ba. A 1986 hukuma ta mai da garin kacokan wurin tarihi, har gidan manajan kamfanin haƙar zinaren ana shiga kallo. Kano ba ta haƙi zinare ba, gyaɗa ce ta yi mata wannan aikin. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgi daga Kudu. Fagge kuwa, tsohon zangon ayarin Buzaye, ta karɓi Kwarori, waɗanda suka kawo nasu salon gini: kanti a ƙasa, iyali a bene, baranda tana kallon titi, sito a baya. Waɗannan gidaje su ne shaidar yadda birnin fatake ya koma birnin jirgi da sikeli, kuma su ake ta rushewa ana dasa filaza.

Za a ce ai gidajen baƙi ne, tarihinmu yana Gidan Makama da ganuwa. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Gidan Ɗan Hausa ma Bature ne, Hanns Vischer, ya zauna a ciki, ga shi muna tinƙaho da shi. Gyaɗar da ta gina benayen nan manoman Kano ne suka noma ta, jakunansu suka kawo ta, dillalai irin su Alhassan Ɗantata suka tara ta, leburorinmu suka jera ta dala-dala. Guminmu yana cikin kowane bulo.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi. Fili kusa da Kantin Kwari ya yi tsadar da ba magajin da zai ƙi tayi saboda son tarihi, kuma bai kamata a zarge shi ba. Amma ba unguwa duka ake nema ba. Gidaje kaɗan da suka rage da siffarsu ta asali sun isa, in gwamnati ta saye su ko ta tallafa wa masu su da gyara, suna ci gaba da kasuwancinsu a ciki. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta fara da ƙirga su da ɗaukar hotonsu tun kafin katafila ta riga ta.