Rigar waya mai maganaɗisu ko ta gama-gari: abin da mai saye a Kibiya da Rano ya kamata ya sani

A ƙananan hukumomin Kibiya da Rano da ke kudancin Jihar Kano, kamar sauran karkarar da kamfanin KEDCO ke bai wa wuta, lantarki ba abin dogaro ba ne. Jama'a da dama na cika batir ne a shagon masu caji, ko da ƙaramar sola, ko da fawa banki. Don haka zaɓi tsakanin rigar waya mai maganaɗisu da ta gama-gari, ga mai son caji ba tare da igiya ba, ya wuce batun ado: batu ne na yawan wutar da za ta shiga batir da wadda za ta salwanta.

Yadda cajin ke aiki

A cikin faifan caji akwai naɗin zaren jan ƙarfe, a bayan wayar ma akwai irinsa. Idan suka yi daura da juna, wuta na tsallakawa daga na farko zuwa na biyu. Idan suka goce, ko tazara ta yi yawa, wani kaso na wutar yakan rikiɗe ya zama zafi. Ƙa'idar da yawancin kamfanoni ke bi ita ce Qi, ta ƙungiyar Wireless Power Consortium wadda aka kafa a 2008.

Maganaɗisu ba ya caji. Aikinsa kawai shi ne ya daidaita naɗin biyu, ya riƙe su. Apple ya shigo da wannan tsari a iPhone 12 a 2020 da sunan MagSafe, mai ƙarfin wat 15, sannan a 2023 aka sanar da Qi2 wadda ta buɗe shi ga sauran kamfanoni.

Tambaya ta farko: wace irin waya ce?

Babu rigar da za ta bai wa waya abin da ba a ƙera ta da shi ba. Akasarin wayoyin itel, Tecno da Infinix masu sauƙin kuɗi ba su da naɗin karɓar wuta. A kansu, zoben maganaɗisu ba zai yi caji ba ko kaɗan. Sauran wayoyin sun kasu gida uku.

Na farko, masu maganaɗisu a jikinsu, irin su iPhone 12 zuwa sama, ban da 16e da samfurin SE, da kuma Pixel 10. Riga ta gama-gari na raunana kamun, don haka mai zobe ta fi dacewa da su.

Na biyu, waɗanda aka tsara su dogara da riga. Infinix Note 40 Pro ta 2024, mai cajin wat 20, da Galaxy S25 ta Samsung suna samun kamun ne daga rigar, ba daga jikinsu ba.

Na uku, masu Qi kawai, kamar iPhone 8 zuwa 11 da ake yawan saye na hannu. Zobe zai taimaka wajen daidaita su, amma a waɗannan iPhone ɗin gudun cajin ba zai wuce wat 7.5 ba. Riga siririya ta roba ta wadatar.

Asarar wuta da zafi

Wani gwaji da mujallar OneZero ta yi tare da iFixit a 2020 a kan Pixel 4 ya nuna cewa caji a kan faifai ya ci wuta kimanin kashi 47 cikin 100 fiye da na igiya. Daidaiton maganaɗisu na rage wannan asara, amma ba ya kawar da ita. Ga wanda ya biya kuɗi ya cika fawa banki domin ta kai shi kwana biyu, igiya ce mafi tattali.

Sai zafi. Apple ya ce an tsara wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Kano kan kai digiri 40. Riga mai kauri na tsare zafi, wayar ta rage gudun caji, batir kuma ya tsufa da wuri.

Abubuwan dubawa kafin a biya

Mai saye a kasuwar waya ta Farm Centre da ke birnin Kano, ko a shagunan Rano, zai fi samun kwanciyar hankali idan ya gwada rigar a kan faifai kafin ya ba da kuɗi. Wasu riguna zanen zobe kawai gare su, babu maganaɗisu a ciki. Wasu kuma zobensu bai yi daidai da naɗin wayar ba. Kaurin da ya wuce kimanin milimita 3 kan kawo cikas. Farantin ƙarfe da ake mannawa domin rataye waya a mota yakan ɗauki zafi ko ya katse cajin, kuma bai kamata a bar katin cirar kuɗi tsakanin waya da faifai ba. Ga mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, Apple ya ba da shawarar tazarar fiye da santimita 15, ko 30 yayin caji.

A taƙaice, rigar maganaɗisu na biyan kuɗinta ne idan wayar na karɓar irin wannan caji, kuma cajar ma mai maganaɗisu ce. Idan ɗaya ya ɓace, riga ta gama-gari mai kare waya daga faɗuwa, da igiya mai inganci, sun fi amfani.