Daga Hijira Zuwa Almajiri: Tarihin Saiwar H-J-R

Jama'a, ko kun san "almajiri" da "hijira" uwarsu ɗaya? Dukkansu sun tsiro ne daga saiwar Larabci H-J-R, wadda asalin ma'anarta ita ce barin wani abu ko ƙaurace masa. Daga ita Larabawa suka samu "hajara" (ya ƙaurace), "haajara" (ya yi ƙaura), "mahjuur" (abin da aka yi watsi da shi) da "muhaajir" (mai ƙaura).

Saiwar ta samu daraja a shekarar 622, lokacin da Annabi (SAW) ya bar Makka zuwa Madina. Waɗanda suka baro gidajensu da dukiyarsu suka yi wannan ƙaura su ne Muhajirai, kuma a zamanin Sayyidina Umar aka mayar da shekarar ta zama mafarin kalandar Musulunci. A nan ƙasar Hausa ma, da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi daga Degel zuwa Gudu a 1804, hijira aka kira tafiyar.

To, yaya "al-muhaajir" ta koma "almajiri"? Bahaushe ya haɗiye "al" ta zama jikin kalmar, kamar yadda ya yi wa alƙali, albasa da aljihu. Ya dunƙule "muhaa" ta koma "ma", sannan ya liƙa wasalin "i" a ƙarshe, tunda kalmominmu galibi da wasali suke ƙarewa. Daga nan ta hayayyafa: almajira, almajirai, almajiranci.

Ma'anar farko a fili take: wanda ya bar garinsu don neman ilimi. Shi ya sa har gobe za ka ji babban malami ya ce "ni almajiri ne" don tawali'u, ko a ce wane almajirin Malam wane ne. Amma da yake yaran tsangaya da bara suke ciyar da kansu, sannu a hankali kalmar ta karkata, har ta kai duk mai riƙe da ƙoƙon bara almajiri ake ce masa, ko da bai taɓa riƙe allo ba. Ita ma hijira ta sauya, yanzu an fi jin ta a "'yan gudun hijira".

Saboda haka mu riƙa bambancewa: mabaraci daban, almajiri daban. In muka cakuɗa su, mun ƙwace wa mai neman ilimi sunansa.

Ku a garinku, me ake nufi in an ce almajiri?