Yadda Aka Ceto Ƙauyen Masaƙa na New Lanark

A shekarar 1968 aka kashe injinan masaƙar New Lanark, bayan sun shafe shekara 182 suna kaɗa auduga. Ma'aikata wajen 350 suka rasa abin yi. Ƙauyen yana kudancin Sikotland, cikin wani kwari mai zurfi a bakin Kogin Clyde, kuma ba shi da wata hanyar cin abinci sai masaƙar: ita ta gina gidajen, ita ke da kantin, ita ta soma ba mutane wutar lantarki tun 1898. Da ta tsaya, sai jama'a suka shiga ɗaure kaya. A 1970 aka sayar da gine-ginen masaƙar ga wani kamfanin 'yan gwangwan mai suna Metal Extractions, wanda ya cika harabar da tarkacen ƙarfe. Shekara guda bayan haka rufin tsohuwar makarantar yara ya rufta. Garin da ya taɓa ɗaukar mutum 2,500 ya koma bai wuce mutum 80 ba, har an fara maganar a rushe shi kowa ya huta.

Abin da ya hana a rushe shi da gaggawa shi ne sunan da ya riga ya yi. A 1785 wani attajirin Glasgow, David Dale, ya haɗa kai da Richard Arkwright, mai injin kaɗin nan da ruwa ke juyawa, suka zaɓi wurin saboda ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga duwatsu. Wuri ne da ba kowa, don haka sai da aka nemo ma'aikata. Dale ya kwaso yara marayu wajen 500 daga gidajen gajiyayyu na Edinburgh da Glasgow. A 1791 kuma guguwa ta koro wani jirgin ruwa da ya ɗauko mutanen tsibirin Skye masu ƙaura zuwa Amurka, ya fake a Greenock. Dale ya yi musu tayin aiki da muhalli, da yawa suka fasa tafiyar. Surukinsa Robert Owen ya karɓi ragama a 1800. Shi ne ya hana sa yaron da bai kai shekara 10 ba aiki, ya buɗe kantin da ke sayar da kaya masu kyau da rahusa, ya kuma kafa cibiyar tarbiyya a 1816, inda ake karɓar yara tun suna tatata. Baƙi suka riƙa zuwa kallo daga ko'ina a Turai, har da ɗan sarkin Rasha, Nicholas, wanda daga baya ya hau karaga.

Sai dai kwata-kwata shekara 25 Owen ya yi yana tafiyar da wurin kafin hankalinsa ya koma Amurka. Bayansa masaƙar ta yi fiye da shekara 140 tana aiki, da farko a hannun 'yan gidan Walker, daga 1881 kuma a hannun masu kamfanin igiya na Gourock, waɗanda suka ƙara saƙa tamfol da ragar kamun kifi. A ganina nan ne ainihin tarihin garin yake, cikin iyalan da kaka da uwa da jika duk ƙararrawa ɗaya ta tashe su zuwa aiki. Littattafai sun fi son Owen, domin ya yi rubutu, ya yi jawabai. Matar da ta ƙare rayuwarta tana ɗaura zaren da ya tsinke ba ta bar takarda ba.

Shi ya sa nake yaba hanyar da masu ceton garin suka bi. Tun a 1963, masaƙa na raye, aka kafa wata ƙungiyar gidaje mai suna New Lanark Association don gyara tsofaffin gidajen ma'aikata, ta kuma fara da layin Caithness Row. Rufe masaƙar ya tsayar da aikin. A 1974 aka kafa gidauniyar adana garin, New Lanark Conservation Trust, da goyon bayan magajin garin Lanark na lokacin, Harry Smith, aka kuma ɗauki Jim Arnold ya zama manaja, muƙamin da ya riƙe har 2010. Gidauniyar ta soma da gidajen kwana, gidan tarihi ya biyo baya. Hujjarta a fili take: idan mutum 80 ɗin nan suka watse, abin da za a adana bango ne kawai.

Kuɗi ba su da yawa, sai aka yi dabara biyu. Ta farko, a shekarun 1970 da 1980 rashin aiki ya yi katutu a Birtaniya, gwamnati na biyan marasa aiki su yi ayyukan wucin gadi. Gidauniyar ta rungumi wannan shiri, ta sa ɗaruruwan mutanen yankin kwashe ɓaraguzai, gyaran dutse, da ɗora rufi. Ta biyu, aka gyara bango da rufin wasu layuka kamar Braxfield Row, aka sayar wa masu son zama, da sharaɗin su gyara ciki da kuɗinsu, kada kuma su taɓa fuskar ginin. A ƙarshe aka samu gidaje 45 na haya da wasu 20 na mallaka. Wayoyin lantarki da na talabijin duk aka binne su a ƙasa don kada su ɓata kamannin garin. Mai zama a New Lanark ya san ba zai canza taga yadda ya ga dama ba, kuma baƙi za su riƙa wucewa ta ƙofarsa da kyamara. Takura ce, amma mutane sun karɓa, gari ya sake cika da hayaniyar yara.

Masaƙar kanta ta fi wuyar samu. Sai a 1983 hukuma ta yi amfani da dokar tilasta sayarwa ta ƙwace ta daga hannun 'yan gwangwan. Daga nan abubuwa suka bi juna: aka buɗe wurin karɓar baƙi, aka farfaɗo da injin da ke samar da lantarki daga ruwan kogin, aka sake gina hawa biyu na saman ginin farko na masaƙar da aka sauke a shekarun 1940, aka mayar da shi otal a 1998. A 2001 UNESCO ta sa New Lanark cikin wuraren tarihi na duniya. An kuma ta da wani tsohon injin kaɗi, ko da yake ulu aka koma kaɗawa da shi, domin baƙo ya ji ƙarar da ma'aikata suka rayu a ciki.

Wajen adana rayuwar ma'aikatan, abin da ya fi shiga rai shi ne gidan da aka shirya kamar yadda yake a shekarun 1820 da 1930. Ɗaki ɗaya ne na iyali guda, da murhu, da gadon da aka gina cikin bango, da wani ƙaramin gado mai taya da ake turawa ƙarƙashinsa da rana a jawo wa yara da dare. Sai a 1933 aka shigo da famfo da bayan gida cikin gine-ginen. Akwai kuma wata yarinya 'yar masaƙa, Annie McLeod, da aka ƙirƙira don ta ba baƙi labarin zamanin Owen. Na fahimci dalilin ƙirƙirarta, amma na fi son jin muryar tsofaffin da suka yi aiki a wurin har ranar da aka rufe. Wani abu kuma da bai kamata a tsallake ba: audugar da ta ciyar da makarantar Owen, mafi yawanta bayi ne 'yan Afirka suka noma ta a gonakin Amurka da tsibiran Karibiyan. Tausayin da aka nuna wa marayun Glasgow bai kai gare su ba, kuma duk labarin New Lanark da ya bar su a waje bai cika ba.

Layin gidajen da ya rage na ƙarshe ba a gyara ba shi ne Double Row, wanda ya daɗe a kulle yana lalacewa. Sai bayan 2015 aka gyara bangonsa da rufinsa, aka sa sassa bakwai a kasuwa bisa tsohon sharaɗin nan na mai saye ya gyara ciki. Sashe na takwas, wanda iyalai suka zauna a ciki har shekarun 1970, gidauniyar ta riƙe shi, doka kuma ta ba shi kariya, saboda murhunsa da gadajensa na asali suna nan ba a cire su ba.