Bakolori da Ƙananan Injunan Fadama



A 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, lokacin tana cikin Jihar Sakkwato. An tsara ta shayar da hekta 23,000, akasari da na'urorin feshin ruwa. Sai dai kayan gyaransu daga waje suke zuwa. Da darajar Naira ta faɗi bayan 1986, sayensu ya zama jidali, kuma zuwa 2003 feshin ya tsaya cak.

A daidai wancan zamanin, shirin bunƙasa noma na jiha, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun 1982, ya yaɗa ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur. Irinsu ne har yau muke jin ƙararsu a fadamun Tambuwal da Kebbe, ba don sun fi ƙarko ba. Fuloginsu yana kasuwa, bakaniken yana unguwa.

Duk da haka mun sha ganin manomin albasa bai juye baƙin mai ba, bai tanadi fulogi da tiyo tun kaka ba. Injin ya tsaya masa kwana huɗu cikin zafin Maris, albasar ta yanƙwane yana kallo.