Shin intanet ma ƙwaya ce?

Idan aka ce ƙwaya a Dutsin-Ma ko Kurfi, abin da ake nufi shi ne tabar wiwi, ko Tramol, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Doka dai sinadari take dubawa. Shi hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, take kamawa.

Sai dai iyakar ba ta fita sarai ba. Sholisho kayan aikin masu faci ne, amma ana shaƙarsa a bugu. Goro kuwa yana ɗauke da sinadarin da ke cikin gahawa, ga shi kuma da shi ake ɗaurin aure.

Su kuwa likitoci sun fi mayar da hankali ga abin da ɗabi'a ke yi wa mutum. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya caca a rukuni ɗaya da shaye-shaye, saboda dukkansu suna taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke sa mutum jin daɗi, ya nemi ƙari.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasannin bidiyo a matsayin cuta. To amma ba ta sanya hawa intanet kansa a jerin cututtuka ba, kuma masana na ci gaba da muhawara a kai.

Abin da ya faru a watan Satumban 2021 ya nuna wahalar lamarin. A lokacin an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, saboda matsalar 'yan bindiga.

Ɗan kasuwar da ya kasa tura kuɗi, ko ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ya kasa yin bincike, dole ya shiga ƙunci. Wannan buƙata ce, ba jaraba ba, don haka yawan sa'o'in da mutum ke yi a kan waya bai isa hujja ba.

A ma'aunin da hukumar lafiyar ta ajiye wa wasannin bidiyo, sai mutum ya kasa kame kansa, ya fifita wasan a kan sauran harkokinsa, ya kuma ci gaba duk da illar da yake yi wa karatunsa, ko sana'arsa, ko iyalinsa. Galibi ana so a ga alamun sun kai wata 12 kafin likita ya yanke hukunci.